Jirgi ya cika, ko an cika shi?

Ƴan uwa ɗalibai, na san abin da wasunku za su ce tun daga kan maganar: mu da ba mu da jirgin ƙasa, ina ruwanmu da cunkoson jirgin ƙasa? Gaskiya ne, babu ɗan Yamai ko ɗan Damagaram ko ɗan Tawa da ke tashi da asuba ya tari jirgi zuwa aiki. Layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, an yi bikin buɗe shi a farkon 2016, kuma har yau bai zama hanyar zirga-zirgar jama'a ba. Amma ga wani layin ana ginawa daga Kano, ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya ƙare a Maraɗi, kilomita 284, an ɗora harsashinsa a watan Fabrairu na 2021. Dakar ta buɗe jirginta na bayan gari a ƙarshen 2021, Legas ta bi baya a 2023. Ko ba jima ko ba daɗe abin zai iso mu. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ai ba tambayarsa za ka tsaya yi ba. Abin da nake so in ce shi ne: cunkoso shawara ce da wasu mutane ke yankewa a ofis, yana cin lafiyar wanda aka cusa, kuma kalmomin da muke amfani da su kullum suna taimaka wa masu shawarar su ɓuya.

Mu fara da inda abin ya fi muni. A Mumbai ta ƙasar Indiya jiragen cikin gari suna ɗaukar mutum sama da miliyan 7 kowace rana. A da, jirgi mai tarago 9 da aka ƙera don mutum 1,700 yakan kwashi wajen 4,500 da safe da kuma lokacin tashi daga aiki. A tsaye, mutum 14 zuwa 16 ke cikin murabba'in mita ɗaya. Kada lambar ta wuce ku haka nan. Ku cire ƙyauren ɗakinku na kwana, ku kwantar da shi ƙasa, ku raba shi biyu. Rabin nan ne murabba'in mita, ko kusa da haka. To ku kira abokan fadarku goma sha biyar su tsaya a kai, kowa da jakarsa, cikin zafi, na tsawon awa guda, sau biyu a rana, shekara talatin. Ƙofofin galibin jiragen nan a buɗe suke tafiya don mutane su samu iska, samari na reto a bakin ƙofa da hannu ɗaya. Kowace shekara mutum sama da 2,000 ke mutuwa a kan wannan layin dogo, wasu wajen tsallaka hanya, wasu faɗowa suke daga jirgi yana gudu. Ran 29 ga Satumba 2017, ana ruwan sama, mutane suka cunkushe a kan wata siririyar gadar ƙafa ta tashar Elphinstone Road, aka yi turmutsitsi, mutum 23 suka rasu. Ba yaƙi ake ba. Aiki za su tafi.

Injiniyoyin jirgin Indiya suna da sunan da suka raɗa wa wannan hali, wanda in ka juya shi zuwa Hausa zai ba ka wani abu kamar "lodin murƙushewa mai tsananin cunkoso". Ku dubi kalmar da ke tsakiya: lodi. Mutum ya zama nauyi, ana auna shi da abin da ƙarfen tarago zai iya ɗauka. Kafin mu yi musu dariya, mu leƙa tasharmu. Wace kalma ɗan kamasho ke faɗa in mota na ɗaukar mutane? Tana lodi. Kalmar da Hausa ta ara daga Ingilishi don buhun gero da siminti, ita muka ɗora wa kanmu da iyayenmu, kuma ba wanda ya ji ta yi masa nauyi a baki.

Akwai abin da ya fi wannan, kuma a nahawu yake. Muna rubuta "cika" iri ɗaya, amma aikatau biyu ne. In ka ce "jirgi ya cika", murya na farawa ƙasa ta hau sama, kuma aikatau ɗin ba ya neman wanda ya yi aikin: abu ne ya faru da kansa, kamar yadda tafki ke cika da damina. In ka ce "sun cika shi", murya na farawa sama ta sauko, kuma dole a samu mai cikawa. A tsarin azuzuwan aikatau da Parsons ya fitar a 1960, na farko aji na uku ne, na biyu aji na ɗaya. Duk ɗan shekarar farko a sashenmu ya san wannan. Abin da ba a tambaya a jarrabawa shi ne wanne muke zaɓa in muna ba da labarin wahala. Kullum na farko. Mota ta cika. Asibiti ya cika. Anfi ya cika. In ma mun matsa gaba kaɗan sai mu fake da "an": an cika, an matse mu, an ƙara kuɗi. Wane ne "an"? Ba shi da suna, ba shi da ofis, ba a kai shi ƙara. Alhali akwai wanda ya zauna ya yanke cewa jirgi 10 za a saya maimakon 20, akwai wanda ya sa hannu a kan faɗin gada, akwai wanda ya tsara cewa ma'aikatu da lakwal da kasuwa duka su buɗe a awa ɗaya. Tarago ba tafki ba ne. Ba ya cika sai an cika shi.

Yanzu ga masu musu. Na farkonsu shi ne mai cewa wannan abin da ake kira "sitires" ciwon Turawa ne, ciwon wanda ya ƙoshi. Mu nan gajiya kawai muka sani, ka yi wanka ka kwanta ta wuce. Wannan magana ta faɗi tun a ƙamus. Kalmar Turancin ta samo asali daga tushen Latin mai ma'anar ɗaurewa da tsukewa, dangin kalmar Faransanci da ke nufin wuri maras faɗi. To mu fa? Muna da ƙunci. Ɗaki na da ƙunci, zuciya na da ƙunci. Muna da matsa, matsi, matsatsi, matsuwa: wanda aka danna a kujera ya matsu, wanda bashi ya sha masa kai shi ma ya matsu. Muna da takura. Kakanninmu ba su taɓa ganin jirgi ba, amma sun yi amfani da kalma ɗaya wajen ƙarancin wuri da ɓacin rai, domin sun san ɗaya na haifar da ɗaya. Wanda ya ce ba mu san abin ba, harshensa ya ƙaryata shi.

Likitanci ma ya bi sahun harshe. A shekarun 1970 wani mai bincike ɗan Suwidin, Ulf Lundberg, ya auna sinadarin adirenalin a fitsarin mutanen da ke shiga jirgi kullum zuwa birnin Sitokholm. Adirenalin shi ne abin da jiki ke saki in ya ji barazana, zuciya ta ƙara bugawa, jini ya hau. Ya tarar sinadarin na ƙaruwa in taragon ya fi cunkoso. Abin mamaki kuma, waɗanda ke shiga tun tashar farko, masu tafiya mafi tsawo, nasu bai kai na masu shiga a tsakiyar hanya ba. Dalili a fili yake: na farko ya tarar da wuri, ya zaɓi kujerarsa da maƙwabcinsa, ya ajiye jakarsa inda yake so. Na biyu ya tarar an gama rabo. A 2007 Gary Evans da Richard Wener sun yi irin wannan aiki da fasinja 139 masu shiga jirgi daga Niyu Jasi zuwa Niyu Yok, suka auna kotizol a miyau, wani sinadarin da jiki ke saki in yana cikin matsi. Suka ga yawan mutanen da ke cikin taragon gaba ɗaya bai yi tasiri sosai ba. Wanda ya yi tasiri shi ne mutanen da ke manne da kai, musamman in kai ne a kujerar tsakiya. Kuma abin bai tsaya a jirgi ba: bayan tafiyar, waɗanda aka matse sun fi saurin karaya a kan ɗan aikin duba kurakurai da aka ba su. A wani binciken nasu sun ga cewa rashin sanin tabbas ko jirgi zai zo kan lokaci shi ma yana ɗaga kotizol.

Ku haɗa waɗannan ku ga abin da suka ba mu. Abin da ke cin mutum shi ne a ƙwace masa iko a kan ɗan wurin da jikinsa ke ciki da kuma lokacinsa. Waɗannan fasinjojin Suwidin da Amurka ma a zaune suke, cikin jirgi mai tsabta. In kujerar tsakiya ta isa ta ɗaga sinadarin jini, me za mu ce da mutum goma sha biyar a kan rabin ƙyaure? Me za mu ce da ɗalibar da ta fito daga bayan gari cikin faba-faba, kujerar mutum uku ta ɗauki huɗu, ta tsallaka gadar Kennedy cikin cunkoson safe, sannan a ce ta zauna awa biyu ta saurari darasin ginin jimla? In ta kasa, sai a ce ba ta da ƙoƙari.

Mai musu na biyu ya fi wayo, don ya yi karatu. Zai ce: ai nisan da mutum ke so tsakaninsa da wani al'ada ce. Zai kawo Edward Hall, Ba'amurken da ya rubuta littafi a 1966 a kan yadda mutane ke raba wuri, ya ce abin da ya yi ƙasa da santimita 45 daga jikinka wuri ne na makusanta kawai, ya kuma nuna al'ummomi sun bambanta. Daga nan sai ya ƙarasa da nasa: mu ƴan Afirka mutanen cuɗanya ne, kwano ɗaya muke ci, tabarma ɗaya muke zama, matsi ba ya damunmu. To Malam, a fada wa ya zaɓa maka wanda kake jingina da shi? Kai ka zaɓa. In ka gaji ka tashi ka tafi. Kusancin da ka zaɓa da kusancin da aka tilasta maka, kama da wane ce kawai. Kuma in ana maganar al'ada, Bahaushe na cikin mutanen da suka fi kowa dokar nisa. Yaro ba ya hawa tabarmar babba. Suruki ba ya zama kusa da surukarsa, wani ma hanya yake canzawa. Mace da namijin da ba muharraminta ba ko hannu ba sa haɗawa. Duk wannan muna kiransa kunya, muna alfahari da shi. Sai a shiga mota, a cusa matar aure tsakanin ƙattai biyu, cinya da cinya, tun daga Maraɗi har Gidan Rumji, karen mota na cewa "Hajiya a ɗan gyara". Al'adarmu ce aka taka a nan. Ta yaya za a kawo ta a matsayin hujja?

Kuma mu faɗi abin da ake jin nauyin faɗi. Cunkoso mafaka ce ga ɗan iska. A Japan matsalar taɓa mata cikin jirgi ta kai ga sun yi mata suna na musamman, kuma daga shekarar 2000 kamfanonin jirgin Tokiyo suka fara ware taragun mata zalla. Mumbai na da nata taragun mata, har da jirgi sukutum na mata tun 1992. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira shi ma haka. Ƙawayenmu da ke karanta wannan sun san ba sai an je Tokiyo ba. Cikin matsi hannu ba shi da mai shi, kuma in ta yi magana a ce ai cunkoso ne, ki yi haƙuri.

Ga ta nan, kalmar da ta fi kowace aiki a tasha: haƙuri. Ba ni da faɗa da haƙuri. Wanda ya yi rashi, wanda fari ya cinye gonarsa, wanda ciwo ya kwantar, haƙuri ne maganinsa, kuma dattakun mutum a nan ake ganinsa. Amma ku lura da wanda ke furta kalmar da wanda ake furta wa. Daga mai mota take zuwa ga fasinja, daga mai ofis zuwa ga mai layi, daga mai kujera zuwa ga na tsaye. Ba ta taɓa hawa sama. Ba ka taɓa jin fasinja ya ce wa mai kamfani "ka yi haƙuri da ribar mutum huɗu a wannan tafiyar" ba. Kalmar da aka yi don abin da ya fi ƙarfin mutum, an karkatar da ita zuwa abin da mutum ya tsara da hannunsa. A darasi muna koyon cewa wata magana aiki take yi, ba labari take bayarwa ba. "A yi haƙuri" a bakin mai iko aikinta guda ne: rufe zance.

Mai musu na uku shi ne wanda ya fi cancanta a saurara. Zai ce: ƙasa ce matalauciya, jirgi mai cunkoso ya fi babu jirgi, kuma in aka rage mutane kuɗin tikiti zai tashi, talakan da kake karewa shi zai fara sauka. Akwai gaskiya a ciki. Direban faba-faba ba don mugunta yake cusa mutum na huɗu ba: akwai kuɗin da zai kai wa mai mota kowace yamma, akwai mai, akwai na kan hanya. Zagin karen mota ba ya ƙara kujera ko ɗaya. Amma daga "ba za a gyara duka yau ba" zuwa "kada a ma auna" akwai tazara babba, kuma Tokiyo ta nuna hakan.

Tokiyo ta taɓa zama abin misali wajen wannan masifa. Har ma'aikata aka ɗauka, masu farar safar hannu, aikinsu tura mutane cikin tarago don ƙofa ta rufu. Sunansu oshiya, wato masu turi. Japanawa sun yi wa abin wasan kalma mai ɗaci: kalmar zuwa aiki, tsukin, sukan rubuta ta da harafin da ke nufin ciwo, don furucinsu ɗaya. Amma ba su tsaya ga ba'a ba. Sun ba cunkoso ma'auni da kowa ke ganewa. Kashi 100 shi ne kowa ya samu kujera ko abin riƙewa. A kashi 150 kana iya buɗe jarida. A 200 jiki na danne jiki. A 250 ba ka iya ɗaga hannunka. Kowace shekara gwamnati na fitar da lambar kowane layi a fili. A 1975 matsakaicin manyan layukan Tokiyo ya kai kashi 221. Zuwa 2018 ya sauko 163, ta hanyar ƙara layuka, tsawaita jirage, rage tazarar da ke tsakaninsu, da roƙon kamfanoni su bambanta lokacin fara aiki. Shekara arba'in aka yi, da kuɗi mai yawa, kuma har yau ba a ce an gama ba. Darasin da ya shafe mu ba ya buƙatar arzikin Japan: abin da aka ba suna aka ba lamba, ana iya tuhumar wani a kansa.

Inda ba a yi haka ba kuwa, sararin numfashi kan koma haja. A Mumbai akwai taragun aji na ɗaya, kuma tun ƙarshen 2017 akwai jirage masu sanyi da ƙofa mai rufe kanta, a farashin da ya ninka na talaka sau da yawa. Ma'ana an san ƙofa a buɗe na kisa, an san maganin, an sa masa kuɗi. Wannan shi ne abin da nake tsoro a nan: ranar da jirgi zai zo, a yi tarago guda mai sanyi na manya da baƙi, shi za a nuna a talabijin ranar buɗewa, sauranmu a koma lodi.

Don haka tun yanzu, icce na ɗanye, ga abin da ya kamata mu nema daga duk mai shirin kawo mana jirgi ko bas na gari. A faɗi a rubuce mutum nawa ne iyaka a murabba'in mita. A Faransa da mutum 4 ake lissafi, in namu zai bambanta a gaya mana dalili. A riƙa fitar da lambar cunkoso kowace shekara, layi-layi. A yi jadawali a kuma riƙe shi, tunda mun ga jiran da ba a san ƙarshensa ba shi ma ciwo ne. Ƙofa ta rufu ga kowa. Gada da matakala da dandalin jira a auna su da taron safiyar ranar kasuwa. A tanadi wurin mata da tsofaffi da naƙasassu, da inda za a kai ƙara a kuma saurara. Ma'aikatu da makarantu su daina buɗewa da tashi duka a minti ɗaya. Kuma ba sai mun jira dogo ba: mu fara da motocin da muke shiga yau, a san kujera nawa ke cikin takarda da mutum nawa ke cikin mota, a kuma duba abin da ake karɓa daga direba har ya kai ga cusa na huɗu.

Sai namu aikin, mu masu karatun harshe. Tun 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wata rana za a buƙaci wanda zai rubuta sanarwar tasha, da ƙa'idar tikiti, da allon da ke bakin tarago, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Mu za a kira, ko ƙannenmu. In muka fassara "lodi" muka manna, mun sa hannu. In muka rubuta "a yi haƙuri da cunkoso" a bango, mun zama masu farar safar hannu, da alƙalami muke turi. Kalmomin suna nan a bakin kakanninmu: ƙunci, matsi, takura, sarari, walwala. Mu yi amfani da su. Gobe in wani ya ce muku mota ta cika, ku tambaye shi wa ya cika ta, mutum nawa aka ƙera ta ta ɗauka, kuma kuɗin na huɗun aljihun wa ya shiga.